Waifai Ya Ɗauke Bayan An Ɗora Linux: Kada Mu Yi Saurin Komawa Gidan Jiya

 

A wannan zaure mun saba tattaunawa kan jigo da salo da ƙa'idojin rubutu, inda za a raba kalma da inda za a haɗe ta. Yau za mu ɗan karkata zuwa ga abin da muke yin rubutun da shi, wato kwamfuta. Dalili kuwa shi ne wani abu da ya faru da mu, wanda saura ƙiris ya sa wata 'yar uwarmu ta yi asarar wahalar wata biyu, kuma da hannunmu a ciki.

Wata ƙanwarmu ce a ƙungiya, mazauniyar wani lungu da ke bayan Kasuwar Kurmi, ta kawo mana kukan laftof ɗinta. Ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, yayanta ya saya mata da ta gama sakandare. Babbar manhajar da ke kai ta bogi ce, ta yi nauyi, kafin shafin rubutu ya buɗe sai ta dafa shayi ta dawo. Ga shi kuma bairos ɗin nan da ake kwasowa a filash ya taɓa cinye mata babi uku na littafinta. Mu ne muka ba ta shawarar ta koma Linux. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka zauna a soron gidansu, muka kwashe fayilolinta, muka ɗora sabuwar manhajar, muka mayar mata da kayanta. Kwamfuta ta koma tamkar sabuwa, ta yi ta godiya, muka yi sallama. Ba mu gwada waifai ba. Wannan sakacinmu ne, kuma ba za mu ɗora wa kowa ba.

Ashe tana da labarin da za ta tura wata gasar gajerun labarai, wadda za a rufe ƙarfe sha biyun daren Lahadi. Daren Asabar ta kammala gyara, ta kunna hotsifot na wayarta, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Alamar waifai a dushe take, ko an danna ba ta motsi. Da safe ta ɗauki ƙanenta suka fita wajen ganuwa, wani shagon gyara. Mai shagon ya duba ya ce, "Hajiya, wa ya sa miki wannan abin? Ai shi ya kashe katin. A yi fomatin a mayar da Windows, in bai tashi ba sai a sayi wani katin." Ya faɗi kuɗin da ba ta da shi. Daga bakin shagon ta kira mu, murya na rawa: "Yaya, kun kashe min kwamfuta, kuma yau za a rufe gasar."

Bayan la'asar muka sake zama a soron nan. Ba mu fara da gyara ba. Kebul ɗin cajin wayarta muka karɓa, muka jona wayar da kwamfutar, intanet ya shigo ta waya, ta tura labarinta kafin a kira magariba. Sai da hankali ya kwanta sannan muka tambayi kwamfutar abin da ke damunta, ta amsa mana a layi ɗaya cewa an kulle waifai ɗin ne da maɓalli. Ƙanenta, yaron da ke aji biyu a ƙaramar sakandare, shi ya juya laftof ɗin ya gano wani ɗan maɓalli a gefe, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, dab da ramin da muka soka filash ranar Juma'a. Ya tura shi, fitila ta kama, sunayen waifai na maƙwabta suka jeru. Katin lafiyarsa ƙalau, Linux ma bai yi laifin komai ba. Ga dukkan alamu ɗan yatsanmu ne ya ture maɓallin wajen cire filash.

Ra'ayinmu a wannan mako ke nan: idan waifai ya ɗauke bayan an ɗora Linux, kada mu yanke hukuncin cewa kwamfuta ta lalace, kada kuma mu ruga a yi mana fomatin. Matsalar ba ta cika wuce ɗaya daga cikin abubuwa uku ba, kuma marubucin da ya iya bin diddigin tauraron labarinsa daga babi na ɗaya zuwa na talatin ba zai kasa bin diddigin waɗannan ukun ba. Sanin kayan aiki ɓangare ne na sana'ar rubutu. A makarantun allo na cikin birnin nan, tun daga Madabo har Ƙofar Wambai, almajiri ba ya kai alƙalaminsa wani wuri a feƙe masa, kuma shi ke dafa tawadarsa. Ba mu ga dalilin da zai sa mu da muka gaji wannan gari mu zama baƙi a gaban abin da muke rubutu da shi kullum ba.

ME YA KAI MU GA LINUX TUN FARKO?

Wani zai ce, da kun bar yarinya da abin da ta saba da shi da duk wannan bai faru ba. Tambaya ce mai kyau, kuma muna da amsa biyu.

Ta farko ta shafi lokaci. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar tsaro ta yau da kullum, sai ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin wa'adi. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka sallame shi. Shi kuma Windows 11 yana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma injin da bai tsufa ba, a ɓangaren Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Mu duba laftof ɗin da ke hannunmu, da waɗanda ke jere a shagunan Beirut Road da Farm Centre a farashin da ɗalibi zai iya tunkara. Da yawansu zubi na uku ne zuwa na shida. Injinansu lafiya lau, za su iya ɗaukar littafi ɗari, amma sabon Windows ya rufe musu ƙofa. Linux Mint kuwa yana tashi da RAM mai gigabait 2, in ya samu 4 ya sake.

Ta biyu ta shafi mutunci. Babu makon da zai wuce ba a kawo ƙorafi a zaurukan marubuta ba cewa an kwafe littafin wance an watsa a WhatsApp, ko an cire sunan wane an sa na wani, ko an karanta littafi a YouTube ba da izini ba. Muna tsinuwa, muna kiran Allah Ya isa, muna ambaton dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. To amma da wace manhaja muka buga takardar ƙorafin? Mafi yawanmu da Windows da Office da aka fasa wa kwaɗo. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuɗin na gaskiya ya fi ƙarfin aljihun da yawa daga cikinmu, wannan haka yake. Amma akwai hanyar da ba sata a cikinta kuma ba biya. Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, masu shi da kansu suka ce a ɗauka, a kwafa, a gyara, a raba. Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, da Linux Mint da ya biyo baya a 2006, duk a kan wannan sharaɗi suke. A ciki akwai LibreOffice na yin rubutu, kuma Hausa tana cikin jerin harsunan kibod, ga mai neman ƙ da ɗ da ɓ. Ko wayar Android da ke hannunmu, zuciyar da ke cikinta ta Linux ce. Mun daɗe muna amfani da shi ba mu sani ba.

To idan hanyar tana da kyau haka, abin takaici ne a ce ɗan maɓalli ɗaya ko fayil ɗaya da ya ɓace shi zai kore mu daga kanta a daren farko.

KAFIN KOMAI: SAMO INTANET TA WATA ƘOFAR

Abin da ya fi rikita mutane shi ne, gyaran yana buƙatar intanet, intanet ɗin kuma shi ne babu. Mafita tana aljihunmu. A jona wayar Android da kwamfuta da kebul mai ɗaukar data, domin wasu kebul ɗin caji kawai suke yi. A shiga saitin waya, wajen da ake kunna hotsifot, a kunna abin da aka rubuta "USB tethering". Linux zai ɗauki wayar tamkar an jona masa intanet na waya, ba ya neman komai. Da wannan ƙanwarmu ta tura labarinta. Duk wanda ke da aikin gaggawa ya fara da nan, ya sauke nauyin da ke kansa, sannan ya zauna gyara da sanyin zuciya. Tashin hankali ne ke sa mutum ya amince a goge masa kwamfuta a kan abin da bai kai ya kawo ba.

NA ƊAYA: KO AN KULLE SHI NE?

A buɗe baƙin allon nan da ake kira Terminal. Kada ya ba mu tsoro, wurin yi wa kwamfuta tambaya ne a rubuce, mu kuwa rubutu ne aikinmu. A Ubuntu da Mint ana buɗe shi da danna Ctrl da Alt da T a tare. A rubuta:

rfkill list

Za ta kawo sunan katin waifai da layi biyu a ƙarƙashinsa. Na farko "Soft blocked", na biyu "Hard blocked", kowanne da "yes" ko "no" a gabansa. Na farkon kullen manhaja ne, kamar a ce an tura ƙyaure ba a sa sakata ba. Idan shi ne ya nuna "yes", a rubuta:

sudo rfkill unblock all

Za ta nemi kalmar sirri. Yayin da ake rubuta ta ba za a ga komai a allo ba, haka tsarin yake, a ci gaba a danna Enter. Sannan a leƙa a tabbatar yanayin jirgin sama ba a kunne yake ba.

Idan kuwa na biyun ne ya nuna "yes", to kullen daga jikin kwamfutar yake, kuma babu umarnin da zai buɗe shi. Nan ne za a juya laftof a duba gefe da gefe da gaba. Tsofaffin Dell Latitude da ThinkPad da dama suna da ɗan maɓallin da ake turawa. A HP da yawa madannin F12 ne ke da hoton eriya da 'yar fitila, ruwan lemo idan a kashe yake, fari ko shuɗi idan a kunne. A wasu kuma sai an haɗa Fn da ɗaya daga cikin madannan sama. Idan duk an gwada bai buɗe ba, a sake kunna kwamfutar a shiga BIOS, a HP yawanci da F10, a Dell da F2, a duba ko an kashe waifai daga can.

Akwai ƙarin abu biyu a nan. Wanda ya bar Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ya sani cewa tun daga Windows 8 akwai wani tsari mai suna "Fast Startup" da ke hana kwamfuta mutuwa gaba ɗaya idan an kashe ta, kuma yakan bar katin waifai a wani hali da Linux ba zai iya tashinsa ba. A koma Windows a kunna waifai, a kashe wannan tsari, sannan a dawo. Na biyu, a wasu samfuran Lenovo da Acer an sha samun kullen ƙarya, inda wata 'yar manhaja da ke kula da madannan kwamfutar take cewa a kulle yake alhali babu maɓallin da aka taɓa. A Lenovo sunanta ideapad_laptop, a Acer kuma acer_wmi. Ana gwada sauke ta na ɗan lokaci da umarnin sudo modprobe -r a bi shi da sunan, a ga ko waifai zai dawo.

NA BIYU: KO BABU TAFINTA?

Idan an rubuta umarnin farko ba a ga katin waifai a jerin ba sam, ko kuma babu alamar waifai a allo ko kaɗan, to mai yiwuwa direba ce babu. Direba 'yar manhaja ce da ke tsakanin babbar manhaja da kowane sashe na kwamfuta, aikinta tafinta. Kati yana nan da ransa, Linux yana nan, amma ba mai fassara wa wani maganar wani. Haka ta faru da wani ɗan uwanmu marubucin waƙa daga Yakasai mako guda bayan labarin farko, kuma a ƙasa da rabin awa aka wuce wurin.

Matakin farko a san sunan katin. A rubuta:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Za a ga layin da ke ɗauke da "Network controller" da sunan kamfanin da ya ƙera katin da lambarsa. Idan akwai direba a kansa, za a ga layin "Kernel driver in use". Idan babu wannan layin, an gano bakin zaren. Katunan Intel da Atheros galibi suna tashi da kansu, domin direbobinsu a buɗe suke kuma suna cikin Linux tun asali. Waɗanda aka fi shan fama da su su ne wasu na Broadcom, irin su BCM43142, da wasu na Realtek. Dalilin ba ya rasa nasaba da abin da mu marubuta muka sani sarai, wato lasisi. Wasu direbobin mallakin kamfani ne, a rufe suke, don haka masu haɗa Linux ba sa kunna su kai tsaye sai mai kwamfuta ya amince. An daɗe ana muhawara a kan wannan a tsakanin masu Linux ɗin kansu. Debian, wadda Ubuntu ya samo asali daga gare ta, sai a fitowarta ta 12 a watan Yunin 2023 ta fara sanya irin waɗannan rufaffun fayiloli na katuna a cikin faifan ɗorawarta na hukuma, bayan mambobinta sun kaɗa ƙuri'a.

Gyaran ba wuya. A jona waya da kebul kamar yadda muka faɗa, a sabunta manhajar gaba ɗaya tukuna, domin sau da yawa sabuntawar kaɗai ke kawo direbar. Sannan a Ubuntu a buɗe "Additional Drivers", a Mint kuma "Driver Manager". Zai duba ya kawo direbar da ta dace, a zaɓa, a jira, a sake kunna kwamfuta. A Mint ko babu intanet ana iya soka filash ɗin da aka yi ɗorawar da shi, ya ɗauko direbar Broadcom daga ciki.

Idan an sa direba amma shiru, a tuna da "Secure Boot". Wani mai gadi ne a cikin BIOS da ke hana duk direbar da ba ta da sa hannun da ya sani ta tashi. Ko dai a yi mata rajista a shuɗin allon da ke fitowa bayan an sake kunnawa, ko a kashe shi daga BIOS. Gargaɗi ga mai Windows a gefe: idan faifansa a kulle yake da BitLocker, ya tabbatar yana da mabuɗin ceto a rubuce kafin ya taɓa wannan saitin, in ba haka ba zai gyara waifai ya kulle kansa a waje.

NA UKU: KO YANA AIKI, GANI NE BA YA YI?

Wannan mu kanmu ya taɓa kamawa. Waifai a kunne, direba tana nan, ana ganin na maƙwabta, amma hotsifot ɗin wayarmu da ke kan tabarma ɗaya da kwamfutar ba ya fitowa. Mun kwana biyu muna zargin Linux. Ashe sabuwar wayar tana watsa hotsifot ɗinta a zangon 5GHz ne, katin tsohuwar laftof kuwa 2.4GHz kaɗai yake ji. Aka shiga saitin hotsifot aka mayar da shi 2.4, magana ta ƙare.

Mu mazauna cikin birni muna da ƙarin dalilin sanin wannan. Katangar ƙasa ta gidajenmu na gado tana da kauri, kuma zangon 5GHz ba ya jure ratsa bango kamar 2.4. Idan an bar MiFi a soro ana rubutu a ɗaki na can ƙurya, ko an rataye waya a taga don neman sabis an koma tsakar gida, raunin da za a gani ba na manhaja ba ne. A matso kusa a gwada kafin a zargi kowa. Idan kuwa sai an manna waya a jikin laftof sannan take gani, a duba sunan katin. Realtek RTL8723BE ya yi suna a kan haka, domin wasu laftof ɗin eriya ɗaya aka jona musu a maimakon biyu, direbar kuma tana sauraro ta ramin da babu komai. Akwai saitin da ake kira ant_sel, ana ba shi 1 ko 2, a ga wanda ya ƙara ƙarfi.

Idan duk an bi waɗannan ba a dace ba, sai a fara tunanin ko katin ya mutu da gaske. Ko a nan ma ba a buƙatar fomatin. Ɗan waifai na USB, mai kamar kan filash, yana maye gurbinsa. A tafi kasuwa da laftof ɗin, a soka a gwada a gaban mai shago kafin a biya, domin ba kowanne ne ke tashi a Linux ba tare da wahala ba.

ABIN DA MASU JA DA MU ZA SU CE

Mun san akwai masu cewa marubuci aikinsa rubutu, ba kanikanci ba, lokacin da zai ɓata a baƙin allo gara ya rubuta shafi biyar. Muna girmama wannan ra'ayi, kuma ba mu ce kowa ya zama injiniya ba. Mu kanmu difloma ce da mu, ba digiri a kimiyyar kwamfuta ba, kuma yawancin abin da muka zayyana a sama a soro muka koye shi, da kuskure da tambaya. Abin da muke cewa shi ne, umarni biyu da duba gefen laftof ba su kai wahalar koyon inda ake sa waƙafi mai ruwa ba. Kuma a lissafa lokacin da ake ɓatawa a ɗaya hanyar: kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, yinin da za a yi a benci ana jira, da barin kwamfuta mai ɗauke da littafin da ba a buga ba a hannun wanda ba a sani ba. Mu da muke kukan satar fasaha ya kamata wannan na ƙarshen ya dame mu.

Akwai kuma masu cewa Linux ba ya yin duk abin da suke so. Gaskiyarsu. Wanda sana'arsa tsara bangon littafi ce da CorelDRAW, ko shirya shafuka da InDesign don kai wa maɗaba'a, waɗannan ba sa aiki a Linux kai tsaye, kuma ba za mu ce ya bar abincinsa ba. Haka nan fayil ɗin da aka tsara a LibreOffice yakan ɗan sauya fasali idan aka buɗe shi a Word, don haka mai tura aiki gasa ya adana shi a irin fayil ɗin da aka nema, ya sake buɗewa ya duba, in an yarda da PDF ya tura PDF. Amma mafi yawanmu abin da muke yi shi ne buga labari, gyara shi, bincike a intanet, da turawa. Ga wannan, tsohuwar laftof da Linux sun isa har da saura.

Masu gyara ma ba abokan gabarmu ba ne. Mutum yana yin abin da ya saba ne, kuma cikin kwamfuta ɗari da za a kawo masa da wuya ya ga ɗaya mai Linux. Ranar da muka fara zuwa da tambaya mai kai, muna cewa katina kaza ne, ga abin da ya nuna, su ma za su fara koyo, domin ɗan kasuwa ba ya barin ciniki ya wuce shi.

DARASIN DA MUKA ƊAUKA

Rigakafi ya fi magani. Filash ɗin da ake ɗora Ubuntu ko Mint da shi yana ba da damar a kunna manhajar a gwada ta ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. A nan ake gwada waifai, da sauti, da kibod, kafin a danna maɓallin ɗorawa. Da mun yi haka, kuma muka sake gwadawa kafin mu tashi ranar Juma'ar nan, da ƙanwarmu ba ta kwana da kuka ba. Wajen ɗora Ubuntu kuma akwai ɗan akwatin da ke tambaya ko a sa manhajojin wasu kamfanoni don waifai da hoto, a yi masa alama. Kada a sauya babbar manhaja a makon da ake da wa'adin tura aiki. Kuma kowane rubutu ya kasance yana da kwafi a wuri biyu ban da kwamfutar, ko filash da imel ne.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi shafar wannan zaure. Duk abin da muka faɗa a sama akwai shi a rubuce da Turanci tun shekaru da dama. Da Hausa fa? Ƙanwarmu ta iya karatu, ta iya bincike, amma a daren da ta shiga matsala ba ta ma san sunan da za ta kira abin da ke damunta ba. Wannan giɓi namu ne, mu masu alƙalami. A shekarun 1930, lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East take fitar da littattafan su Abubakar Imam, sai da aka sama wa injin ɗab'i haruffa masu lanƙwasa don ya iya faɗin abin da bakin Bahaushe ke faɗa. A shekarun 1980 da 1990 kuma marubutan Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, ba su zauna jiran manyan kamfanonin ɗab'i ba, suka nemi hanyar fitar da littattafansu da kansu har suka cika kasuwa. Kowane zamani da irin na'urar da marubutansa suka lanƙwasa ta bi harshensu. Tamu ita ce wannan.

Saboda haka muna ba da shawara biyu. Duk wanda ya gyara wata matsala a kwamfutarsa, ya rubuta yadda ya yi da Hausa mai sauƙi, ko sakin layi uku ne, ya ajiye inda 'yan uwa za su gani. Atisaye ne ma na rubutu, domin bayyana abu mai sarƙaƙiya a taƙaice ya fi siffanta kyawun tauraruwa wuya. Sannan ƙungiyoyinmu, idan an tashi daga karatun wata-wata, a ware rabin awa, kowa ya zo da laftof ɗinsa da kebul, wanda ya sani ya nuna wa wanda bai sani ba.

Mai fama da wannan matsalar yanzu haka, ya faɗa mana samfurin laftof ɗinsa, da irin Linux ɗin da ya ɗora, da abin da umarnin nan biyu suka nuna masa, harafi da harafi ko a hoto. "Waifai ɗina ba ya yi" ba ta isa a taimaki mutum ba, kamar yadda "labarina bai yi daɗi ba" ba ta isa a yi masa sharhi ba.

Ita kuwa ƙanwar tamu, ta liƙa ɗan salatif a kan maɓallin nan don kada a sake ture shi, kuma ta fara babi na huɗu na sabon littafinta. Sakamakon gasa bai fito ba tukuna, muna roƙon ku taya ta da addu'a.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.